Sinadari Ɗaya, Ma'anoni Uku: Sharhi a kan Wasu Kalmomin Kemistiri a Hausa

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne abin da muke cin karo da shi yayin duba ɗalibanmu a wurin gwajin koyarwa. Sau da yawa mukan ji ɗalibi ya gaya wa yara cewa zinariya sinadari ce, gishiri sinadari ne, kanwa ma sinadari ce, yaran kuwa su tashi da zaton duk jinsinsu ɗaya. Laifin ba na ɗalibin ba ne. Kalmar ce aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta.

A bakin maƙera, sinadari shi ne abin da ake liƙa ƙarfe da shi. Daga nan ma'anar ta bunƙasa har ta game duk abin da ake haɗawa a yi wani abu. Amma tun 1789 Lavoisier ya kafa iyaka tsakanin abin da ba ya rarrabuwa zuwa wani abu mafi sauƙi ta hanyar kemistiri, da wanda yake rarrabuwa. Na farkon su 118 ne a jadawalin da Mendeleev ya aza harsashinsa a 1869, kuma Bahaushe ya san wasunsu da sunayensu: zinariya, azurfa, dalma, farar wuta. Gishiri ba ya cikinsu, domin sodiyam ne da kulorin, watau NaCl. Kulorin iska ce mai guba, sodiyam kuwa ƙarfe ne mai tafarfasa in ya taɓa ruwa, amma ga shi abin da suka haifa muna zuba shi a miya. Yaron da aka ba kalma ɗaya don ukun nan, ta yaya zai ga wannan abin mamaki? A ganinmu, a kira na farko "sinadari tilo", na biyu "haɗaɗɗen sinadari", sa'an nan a bar "cakuɗe" ga irin gero da tsakuwa, wanda mai rairaya za ta iya rabawa.

"Ƙwayar zarra" ba mu da ja da ita. Masu cewa zarra tana nufin mafi ƙanƙantar abu, alhali Thomson ya gano ilaktaron a 1897, sun manta cewa kalmar Girkanci da Turawa suka ara ma "wanda ba ya yankuwa" take nufi, ba su kuwa yar da ita ba.

Inda muka fi damuwa shi ne "martani", wadda wasu masu fassara suke amfani da ita ga abin da yake faruwa in sinadarai suka gamu. Wannan fassarar ƙamus ce tsagwaronta. Martani amsa ce, ta magana ko ta duka, kuma mai mayar da martani yana nan yadda yake. Ƙarfen da ya yi tsatsa kuwa ya zama wani abu dabam, haka man da aka dafa da ruwan toka ya koma sabulu. Mun fi karkata ga "rikiɗar sinadarai", ko da yake ita ma tana da nata aibin: hawainiya takan rikiɗa, launi kawai take sauyawa, ƙanƙara ma takan rikiɗa ta zama ruwa, H2O ɗin yana nan. Muna roƙon malaman harshe da ke zauren nan su auna ta da kalmomin marina, waɗanda suke ganin zane ya fito daga karofi kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi.