Daga Nazarin Ƙwaƙwalwa Zuwa Maganin Sikila

A Makka, kamar sauran biranen Saudiyya, tun 2004 ba a ɗaura aure sai ango da amarya sun yi gwajin jini, domin a gano masu ɗauke da sikila. Amma wanda aka riga aka haifa da cutar, magani yake nema. Cikin waɗanda suka share masa hawaye akwai marigayi Farfesa Charles Wambebe, wanda ya goge a Zariya.

A Jami'ar Ahmadu Bello ya sami digirin digirgir a 1979, kan yadda magunguna ke aiki a ƙwaƙwalwa. Ya daɗe yana ba 'yan tsaki magani yana lura da barcinsu da motsinsu, yana bin sawun sinadarin dofamin. Aiki ne na mai haƙuri: a auna magani daidai, a ware waɗanda ba a ba komai ba domin kwatantawa, a yi ta maimaitawa har sai gaskiya ta tabbata.

Da wannan horo ya shugabanci cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, a Abuja cikin shekarun 1990. Nan wani malamin coci mai maganin gargajiya, Paul Ogunyale, ya miƙa sirrin wani haɗi: masoro, kanumfari, karan dafi da itacen da Yarabawa ke kira osun. Wambebe bai raina haɗin ba, bai kuma gaskata shi ido rufe ba. Gwanintar ke nan.

Shi da abokan aikinsa suka daidaita haɗin, yadda ƙwayar yau ba za ta fi ta gobe ƙarfi ba. Suka gwada a jikin dabbobi don tabbatar da ba ya cutarwa. Sannan aka zo kan mutane: wasu aka ba su maganin, wasu ƙwaya mai kama da shi, ba likita ba majinyaci da ya san wa ya sha wanne, daga baya aka yi musaya. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna maganin, wanda aka sa wa suna Niprisan, yana rage yawan tashin ciwon nan mai ratsa ƙashi. Da Amurka ta ba da takardar mallakar fasaha a 1998, sunan Ogunyale yana ciki tare da na masanan. Wannan riƙon amana ne.

A 2006 maganin ya shiga kasuwa da sunan Nicosan, amma bayan 'yan shekaru matsalar kuɗi ta tsayar da sarrafa shi, sai daga baya aka farfaɗo da shi. Masani ya sauke nauyinsa, ya kai ilimin jami'a har gadon majinyaci. Daji da gonakinmu cike suke da irin waɗannan tsirrai. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne masu haƙurin aunawa irin na Wambebe, da masu jarin da za su riƙe aikinsu da hannu biyu.