Su da Kyamara: Gwanintar Ɗaukar Hoton Kifi a Akwatin Gilashi

Yawancinmu a yammacin Zamfara mun san kifi ne bayan ya rabu da ruwa. Muna ganinsa a faifan mai talla, ko an yi bandarsa ya naɗe baƙi ƙirin, ko yana soyuwa a kaskon mai tuya ranar kasuwa. Mun san daɗin tarwaɗa da karfasa, mun san zafin ƙayar ƙurungu. Amma in ka cire Sarkawa da sauran masunta, kaɗan ne suka taɓa ganin yadda waɗannan halittu ke tafiyar da rayuwarsu a ƙarƙashin ruwa. Gulbin Zamfara da ya ratsa ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi jajir yake da damina, ba ya bari a ga abin da ke cikinsa. Wannan ne ya sa nake girmama duk wanda ya iya ajiye kifi a akwatin gilashi, ya kula da lafiyarsa, sannan ya ɗauki hotonsa yana iyo har mai kallo ya iya ƙirga ɓawon jikinsa.

Aikin yana da tarihi. A 1853 aka buɗe gidan kifi na farko da jama'a ke shiga kallo, a gidan namun daji na Landan. A 1893 wani Bafaranshe masanin halittun ruwa mai suna Louis Boutan ya nutsa da kyamararsa a gaɓar tekun kudancin Faransa, ya fito da hotunan ƙarƙashin ruwa. Hoton ƙarƙashin ruwa mai launi kuwa sai a 1926, lokacin da William Longley da Charles Martin suka ɗauki wani kifi a tekun Fulorida ta Amurka, kuma sai da suka kunna garin sinadari mai walƙiya a kan ruwan kafin haske ya isa wurin kifin. A zamaninmu, Takashi Amano ɗan ƙasar Japan, wanda ya rasu a 2015, ya shahara a duniya da tsara akwatunan kifi masu shuke-shuke da kuma ɗaukar hotunansu. Matsalar da duk suka yi fama da ita, ita ce matashin da ke riƙe da waya a Gummi zai tarar a yau: ta yaya za a sa haske ya ratsa ruwa ya dawo da siffar abin da ba ya tsayawa wuri guda?

Gilashin kansa shi ne cikas na farko. Muddin ɗaki ya fi cikin akwatin haske, gilashin zai koma madubi, sai mai hoto ya ɗauko fuskarsa da tagar ɗakinsa, kifin kuma ya ɓace a tsakani. Gwani yakan jira dare ko ya rufe tagogi, ya kashe fitilun ɗaki, ya bar hasken akwatin kaɗai. Yakan sa baƙar riga, ya matso da bakin kyamara dab da gilashin don kada wani haske ya kutso ta gefe. Filashar da ke jikin kyamara ko waya kuwa kashe ta yake yi, domin haskenta yana dukan gilashin ya dawo fari fat, kuma yana tona duk wata ƙura da ke yawo a ruwan. Hasken da yake so daga sama yake zuwa, ta inda rana ke haska kifi a gulbi. Fitila mai caji guda biyu da aka ɗora bisa akwatin sukan wadatar. A bayan akwatin sai ya rataya baƙin ƙyalle ko shuɗi, don kifin ya fito sarai ba tare da bango da wayoyin lantarki sun raba hankalin mai kallo ba.

Ruwa ma yana da tasa dabi'ar. Haske yakan karye idan ya fito daga ruwa ya shiga iska, shi ya sa abin da ke cikin akwati yake bayyana kusa fiye da inda yake, girmansa kuma ya ƙaru da kimanin kashi 1 cikin 3. Idan aka kalli akwatin a karkace, karyewar takan tsananta, jikin kifin ya jirkice, gefensa ya yi dishi-dishi da launuka. Don haka gwani ba ya ɗauka daga tsaye yana leƙawa ƙasa. Durƙusawa yake yi har kyamararsa ta yi daidai da kifin, ta fuskanci gilashin kai tsaye. Shirinsa kuma tun jiya ya soma: ya goge gilashin ciki da waje, ya kankare gansakuka, ya sauya wani ɓangare na ruwan, ya bar shi ya kwanta. Ba ya zuba abinci da yawa ana dab da ɗauka, domin ragowarsa ce ke gurɓata hoto.

Sai batun sauri. Kyamara tana buɗe idonta ta rufe a cikin ƙanƙanin lokaci, kuma duk motsin da kifi ya yi a wannan tsakanin zai fito a matsayin hazo. Ga kifi mai kuzari ana bukatar ƙiftawar da ba ta wuce kashi 1 cikin 250 na sakan ba. Sai dai gwargwadon saurin ƙiftawa, gwargwadon ƙarancin hasken da ke shiga, kuma idan aka tilasta wa kyamara ta ƙara haske da kanta, hoton yakan yi tsaki-tsaki. A nan ake gane wanda ya iya, wajen auna waɗannan abubuwa har su daidaita. Yakan kafa saitinsa a kan idon kifin. In ido ya fito tangaran, mai kallo zai yafe jelar da ta ɗan yi hazo, amma in ido ya dushe hoton ya mutu. Wayoyi da dama a yau suna da wurin da mutum zai saita sauri da hannunsa, ya kulle saiti a wuri guda, ya kuma ɗauki hotuna masu yawa a jere ya zaɓi ɗaya.

Duk wannan rabin gwanintar ne. Ragowar rabin ilimin masunta ne, wato sanin halin kifi. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma mai kyamara ma ana ganinsa. Bayan ido, kifi yana da wani layi a gefen jikinsa da yake jin girgizar ruwa da shi, saboda haka takun ƙafa mai ƙarfi ko ƙwanƙwasa gilashi yana firgita shi. Kifin da ya firgita yakan tsuke fukafukansa, launinsa ya koɗe, ya maƙale a lungu. Gwani ba ya bin kifi da kyamara. Zama yake yi shiru har kifin ya manta da shi, ya lura da hanyar da yake yawan bi, ya kafa saiti a wurin, ya jira ya iso.

Kowane kifi kuma da irin jiran da yake bukata. Tarwaɗa ta fi walwala da dare, kyanta yana cikin gashin bakinta guda 8 idan ta baza su tana laluben abinci. Akwai wani nau'in ƙurungu da ke iyo a rigingine, cikinsa na kallon sama, wanda tun zamanin Fir'auna masu zane a Masar suka zana shi a haka. Macen karfasa takan ɗauki ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, kuma ko bayan ƙananan sun fito, da sun ji tsoro sai su ruga su koma bakin uwarsu. Wanda ya kama wannan lokacin a hoto ya yi babban kamu. Gaiwa, wadda ke binne kanta a laka da rani har ruwa ya dawo, da huhu take numfashi, don haka mai hoto ya san dole ta taso sama shaƙar iska, a nan yake tare ta. Minjirya kuwa ba a sa mata hannu, domin babbarta tana iya sakin lantarkin da ya kai volt 350. Talibamban yana da ban sha'awa idan ya kumbura, amma kumburin alamar tsananin tsoro ce, kuma gwanin kirki ba ya tsokanar dabba don neman hoto.

Wannan tausayi yana cikin sana'ar, domin kifi mai lafiya ne kawai ke yin kyau a hoto. A ƙasarmu da zafin bazara ke haura digiri 40, ba a ajiye akwati inda rana ke dukansa, saboda ruwa mai ɗumi iskar da ke cikinsa kaɗan ce. A yankin Dareta kuma akwai ƙarin hattara. Ba mu manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma daga niƙan dutsen zinari ta kashe yara aƙalla 400 a Dareta da 'Yargalma da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Kududdufin da aka wanke dutse a cikinsa ba wurin ɗebo ruwa ko yashi ko kifi ba ne, balle a shigo da su ɗakin da yara ke wasa.

Wani zai ce wannan aikin masu hali ne. Gaskiya ne an fi ganin akwatunan kifi a otal-otal da manyan gidajen Kano da Kaduna da Abuja, galibi da jajayen kifayen da aka shigo da su daga waje. Amma gaiwa da minjirya da talibamban da muke rainawa, su ne ake kiwo a ɗakunan Turai da Asiya ana alfahari da hotunansu. Masana kifi, irin na cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi da ke New Bussa kusa da tafkin Kainji, sun san darajar hoton kifi mai rai, domin launinsa yakan soma gushewa jim kaɗan bayan ya mutu. Akan yi amfani da siririn akwati wanda kifi ba zai yi nisa da gilashi ba, a juya kansa zuwa hagu kamar yadda aka saba a littattafan fannin, a sa ma'auni a gefe, a ɗauka, a mayar da shi ruwa. Duk mai yankan gilashi a Gummi ko Anka zai iya haɗa irin wannan akwati. Mai kiwon tarwaɗa ma zai amfana, domin hoto mai kyau yana sayar da 'ya'yan kifi, yana kuma taimaka wa malamin dabbobi ya gane cuta daga nesa.

Tun 1934 bikin kamun kifi na Argungu ke nuna wa duniya giwan ruwa a kafaɗar masunta, kuma a 2016 UNESCO ta sa bikin cikin al'adun da ake tattalawa. Kifayen Gulbin Zamfara da Gulbin Ka da madatsar Bakolori su ma sun cancanci a gan su, musamman da ransu. Kirana ga matasan Dareta da Anka da Gummi da Bukkuyum masu riƙe da waya shi ne su je wurin Sarkin Ruwa da dattawan masunta, su tambayi sunan kowane kifi da halinsa, su ɗauki hotonsa, su rubuta sunan da Hausa tare da wuri da ranar da aka kama shi. Dattawan da suka san sunayen nan suna raye yanzu, yanzu ne lokacin tambayarsu.