Lambun Tibhirine da Fim ɗin da Aka Yi a Kansa

A kan duwatsun Aljeriya, kusa da garin Medeya, akwai wani gidan sufaye na Katolika da aka kafa a 1938. Sunan wurin Tibhirine, wato "lambuna" da harshen Barbar. Ranar 27 ga Maris 1996, cikin dare, 'yan bindiga suka tafi da sufaye bakwai daga gidan. Bayan wata biyu aka tsinci kawunansu, aka binne su a can cikin lambun. Ikkilisiya ta sa su cikin Masu Albarka a birnin Oran a 2018.

Waɗansu daga cikin baƙin da ke hawa can domin addu'a da shan iska, fim ne ya kai su. Xavier Beauvois, Bafaranshe, shi ya shirya shi a 2010 da sunan Des hommes et des dieux, ya kuwa sami babban yabo a bikin finafinai na Kan. A Maroko aka ɗauke shi, a wani tsohon gidan sufaye kusa da Azru, saboda haka itatuwan da mai kallo yake gani ba na Tibhirine ba ne.

Fim ɗin ya cancanci yabo a abu guda: bai mai da sufayen jarumawa ba. Suna jin tsoro, suna gardama a kan ko su tsaya ko su koma Faransa, har wani ya farka da dare yana kuka ga Allah. Ɗan'uwa Luka, tsohon likita wanda ya yi kusan shekara 50 yana duba marasa lafiya na ƙauyen, an nuna shi da gajiyarsa da ba'arsa. Bai kuma nuna wanda ya kashe su ba, wannan kuwa daidai ne, gama har yau ana muhawara a kai.

Amma akwai inda ya gaza. Tun daga tsakiya, fim ɗin ya juya fuska ga mutuwa. Cin abinci na ƙarshe, da ruwan inabi da kiɗan Turai da hawaye a kowace fuska, an ja shi har ya rufe duk abin da ya gabata. Maƙwabta Musulmi kuwa sukan shigo, su faɗi magana biyu, su wuce. Alhali kuwa rayuwar gidan tana tare da su. Sufayen sun yi noman lambu da waɗansu iyalan ƙauyen, ana raba amfanin gona. Sun ba mutanen ƙauyen aron ɗaki a cikin gidan domin salla, lokacin da ba su da masallaci. Manomi Bahaushe na Mafaza, a bakin kogin Rahad a Sudan, ya san gaisuwa da maƙwabci ba wuya, raba ruwan ban gona da shi shekara da shekaru ita ce wuya. Wannan ne fim ɗin ya taɓa da gefen hannu kawai.

Sakamakon haka yana iya bin baƙo har ƙofar gidan. Wanda ya zo da fim a kansa, makabarta zai nufa kai tsaye, ya tsaya a gaban duwatsu bakwai, ya yi shiru, ya koma mota. Ba laifi ba ne. Sai dai Kirista da ke zaune tsakanin Musulmi a Kano ko Maraɗi, wanda kullum tambayar tsayawa ko tashi take gabansa, zai fi ƙaruwa in ya zaga lambun tukuna. Ba a bar shi ya mutu ba. Fada Jean-Marie Lassausse ya riƙe shi tun daga 2001, yana aiki da mutanen ƙauyen, sa'an nan a 2016 ƙungiyar Chemin Neuf ta karɓi gidan, aka ci gaba da kula da itatuwan tuffa.