Jinjina ga masu awo da ido

A Ɗan Isa, idan kaka ta yi aka gama yankan gero, akwai dattawan da ba ruwansu da biro da takarda. Tsoho zai tsaya a bakin gona, ya kare rana da tafin hannu, ya dubi zangarniyar da aka tara, ya ce, "Wannan dami arba'in ne, in ya ɗara, da biyu." A ɗaure, a ƙirga, da wuya ka ga ya yi nisa. Da wannan ƙiyasin maigida ke sanin ko rumbu ɗaya zai isa, ya fara lissafin zakka, ɗaya cikin goma.

Sabo ne, kuma sabon ba ya zuwa da arha. A 1871 wani masani ɗan Ingila, Stanley Jevons, ya yi ta watsa wake cikin akwati yana faɗin adadinsa da kallo ɗaya. A uku da huɗu bai taɓa kuskure ba, daga biyar ido ya fara yaudararsa. Shi ya sa dillali a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis yake raba garken tumaki gungu-gungu a zuciyarsa, yana sane cewa dabbobin da suka cunkushe sukan yi kamar kaɗan ne.

Rashin tsaro ya raba da yawa daga dattawan nan da gonakinsu. Samarin Ɗan Isa, ku tsaya kusa da su a kakar bana, ku koya.