GR GT: Motar da Toyota Ya Ƙera Don Kada Hannu Ya Manta

A ranar 5 ga Disamba 2025, a gindin Dutsen Fuji da ke Japan, kamfanin Toyota ya yaye lulluɓin motar da ya raɗa wa suna GR GT. Masu bibiyar harkar motoci sun riga sun hango ta tun watan Yuli a bikin Goodwood na Ingila, an shafe ta da fenti mai ruɗa ido don kada a gane siffarta. Yanzu kowa ya ga fuskarta: dogon hanci, gajeren baya, ga ta a kwance ƙasa-ƙasa har tsayinta bai cika santimita 120 ba. Tare da ita aka fito da 'yar uwarta GR GT3, wadda ba ta hawa titi, filin tsere kawai ta sani. Kamfanin ya ce sai wajen 2027 za ta shiga kasuwa, kuma a ranar bai faɗi farashi ba.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan ɗan Zango da wannan? Gaskiya ne, daga Aboabo har Asawase ba na jin akwai wanda zai saye ta, kuma ko an ba mutum kyauta, tudun rage gudu na farko da zai tarar zai kankare mata ciki. Amma Toyota ba baƙo ba ne a wurinmu. Hiace ce ke kwasar mu a Kejetia, Corolla da Vitz ne suka cika titunanmu, kuma tun 2021 ana harhaɗa Hilux a Tema. Kamfanin da ya ci kuɗinmu haka, muna da bakin magana a kan abin da ya ce shi ne ƙololuwar gwanintarsa. Samarinmu ma a majalisun ataya tuni suka fara musu a kanta, sai dai musun nasu bai wuce wace ce ta fi gudu ba. Ni kuwa a ganina gudu shi ne mafi ƙarancin abin da ke cikin wannan labari.

Bari mu fara da alƙaluman, tunda su ake so. Injin GR GT mai silinda 8 ne, lita 4, da turbo biyu, sannan an ƙara masa motar lantarki guda ɗaya a cikin akwatin giya da ke baya. Abin da kamfanin ya sa a gaba shi ne ƙarfin doki 650 ko fiye, nauyi kilo 1,750 ko ƙasa, gudu kilomita 320 a awa ko sama. Sai mu ajiye ta kusa da yayarta Lexus LFA, wadda aka ƙera guda 500 kacal daga 2010 zuwa 2012. LFA tana da ƙarfin doki 560, nauyinta kilo 1,480, gudunta kilomita 325. Duk wanda ya ɗauki alƙalami ya raba zai ga cewa a LFA kowane doki yana jan kilo biyu da rabi da ɗan ɗoriya, a GR GT ma haka, har ma nata kayan sun ɗan fi nauyi. Wato bayan shekara 17, an ƙara dawakai, an kuma ƙara musu kaya daidai gwargwado. Inda sabuwar ta yi wa tsohuwar fintinkau shi ne ƙarfin murɗa taya: 850 a ma'aunin da LFA ke da 480. Wannan shi direba zai ji a gadon bayansa da zarar ya fito daga kwana ya taka totur. Kuma giyarta mai hawa 8 ba za ta rasa fin ta LFA santsi ba, don ita waccan an daɗe ana kuka da yadda take fizgar mutum idan tana canji a cikin gari.

Nauyin nan dai shi ne ƙorafina na farko. Kakarsu, Toyota 2000GT ta 1967, kilo 1,120 ce, da ƙarfin doki 150 kawai, amma a 1966, kafin ma a fara sayar da ita, an yi kwana uku ana zagaye da ita a filin gwaji na Yatabe, matsakaicin gudunta ya haura kilomita 200 a awa. Motar da aka ce an yi ta don filin tsere, nauyi shi ne babban maƙiyinta: shi ke cin taya, shi ke dafa burki, shi ke jan mota waje a kwana. Abin lura kuma, GR GT3 da za ta shiga tsere na gaske ba ta ɗauke da batir da motar lantarkin nan, don dokokin wannan rukuni ba su yarda da su ba. Ashe ke nan abin da aka ƙara wa ta titi ba filin tsere ne ya nema ba, zamani ne ya nema.

Ƙorafi na biyu na kunne ne, kuma a nan aikina na rediyo ya sa ba na iya kau da kai. Abin da ya sa har yau ake ambaton LFA ba gudunta ba ne, muryarta ce. Injinta mai silinda 10, wanda aka yi da haɗin gwiwar Yamaha, yana juyawa har sau 9,000 a minti, kuma yana tashi daga kwance zuwa ƙarshe cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, har sai da aka sa masa agogo na lantarki don allurar gargajiya ba ta iya bin sa. Masu aikin kayan kiɗa na Yamaha ne suka taya daidaita sautin, aka buɗa masa hanyoyi zuwa inda direba ke zaune. Turbo kuwa aikinsa shi ne ya tare hayaƙin da ke fita ya juya farfelarsa da shi, don haka kafin ƙara ta isa salansa an riga an danne ta. GR GT za ta yi gurnani, amma ba za ta yi waƙa ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a wannan rana aka nuna mota ta uku, mai lantarki zalla, aka kuma liƙa mata sunan LFA. Sunan da murya ta ɗaukaka, an ba wa wadda ba ta da maƙogwaro.

Duk da haka ina ɗokin fitowarta, kuma dalilin yana cikin abin da shugaban kamfanin, Akio Toyoda, ya kafa hujja da shi. Ya kwatanta aikin da wata tsohuwar al'ada ta Japan mai suna Shikinen Sengu. A garin Ise akwai wurin bautarsu na gargajiya wanda duk bayan shekara 20 ake sāke gina shi sabo fil a fili na kusa, a kwashe tsohon. An yi na baya-bayan nan a 2013, na gaba sai 2033. Ba don ginin ya ruɓe ake yin haka ba. Shekara 20 ita ce tazarar da za ta sa kafinta ya yi aikin yana yaro mai miƙa kaya, ya sāke yi yana gwani, ya kuma yi na uku yana dattijo mai nuni da baki. Da za a bari sai bayan shekara 60, da ginin zai tsaya amma masu sanin yadda ake yin sa sun ƙare.

Toyota ya taɓa shiga wannan haɗari, kuma da ƙyar ya sha. Tsakanin 2000GT da LFA shekara 43 ce. Wanda ya haɗa bakin zaren shi ne Hiromu Naruse, wanda ya shiga kamfanin a 1963, ya taɓa 2000GT yana matashi, ya zama babban direban gwaji, ya kuma jagoranci gwajin LFA yana tsoho. Shi ne ya taɓa gaya wa Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, cewa ba ya son jin bayanin mota daga bakin wanda bai iya tuƙi ba, daga nan ya ɗauke shi almajiri. A watan Yuni 2010 Naruse ya rasu a haɗari kusa da filin Nürburgring na Jamus, yana cikin wata LFA ta gwaji, wata shida kafin a fara ƙera ta don sayarwa. Ilimin kusan rabin ƙarni, a hannun mutum ɗaya, a kan titi ɗaya.

Kuma idan aka duba da kyau, rabin gwanintar ma ta aro ce. Yamaha ne ya harhaɗa 2000GT, har katakon gabanta aikin masu yin fiyano ne. Yamaha ya sa hannu a injin LFA. Supra ta 2019, wadda samarinmu ke liƙa hotonta, injin BMW ne a cikinta, a ƙasar Ostiriya aka haɗa ta. Ƙaramar 86 kuma injin Subaru take ɗauke da shi. Saboda haka idan aka ce an tara waɗanda suka yi LFA tun suna da sauran ƙarfi, an haɗa su da matasa, an ce su yi sabon inji da sabuwar gangar jiki tun daga tushe, wannan ya fi kowane adadin doki muhimmanci.

Gangar jikin ma akwai magana a kanta. An fara LFA da alminiyam, aka yi nisa, sai aka watsar aka koma zaren kabon, abin da ya sa aikin ya ci kusan shekara 10. Har masaƙa ta musamman suka ƙera don saƙa wasu sassan, wanda bai zama abin mamaki ba ga gidan da asalinsa injin saƙa ne. Masaƙan kente na Bonwire za su gane wannan gadon. GR GT kuwa ta koma wa alminiyam ɗin da aka guje wa, sai wasu fallayen jiki da aka yi da kabon. Wasu na kallon haka ci baya. Ni ban yarda ba. Motar da za a sayar wa ƙungiyoyin tsere dole ta daku, kuma dole a gyara ta kafin mako mai zuwa. Ƙarfe yana lanƙwasa a miƙe shi ko a yanke a yi walda. Kabon idan ya tsage, sai sabo.

A nan ne labarin ya iso gida. Duk wanda ya san Magazin ta Suame ya san cewa abin da Japanawa ke yi duk shekara 20, a can kullum ake yin sa. Yaro zai zo wurin masta yana wanke ƙusoshi da fetur, ya shekara yana miƙa sufana, har ranar da za a ba shi injin Hiace a ce ya warware shi ya mayar. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum kusan 200,000 ke cin abinci a wurin, kuma 'ya'yan Zango da yawa suna cikinsu. A 2013 ma masu sana'ar wurin, tare da wasu 'yan ƙasar Holan biyu, sun ƙera mota sukutum da suka kira Turtle, cikin kimanin wata uku, daga kayan da ke zube a garejin. Ba ta da kyau, ba ta da gudu, amma kowane fita a ƙasar nan zai iya buɗe ta.

To amma motocin da ke shigowa yanzu ba irin waɗanda mastocinmu suka koya a kansu ba ne. Dattijon da zai sa kunne a jikin inji ya gaya maka silinda ta nawa ce ke tari, yau sai ya aika a kira yaro mai na'urar kwamfuta ya zo ya karanta masa lambar matsala. Mai haɗa fetur da lantarki kuwa, akwai wayoyi a cikinta da idan ka taɓa su da gangancin da ka saba, ba za ka ba da labari ba. Wannan shi ne gefen da jawabin Toyoda bai taɓo ba. Gadon da yake magana a kai na cikin masana'anta ne, daga injiniya zuwa injiniya. Amma sunan Toyota a Afirka ba injiniyoyi kaɗai suka gina shi ba. Kanikawa ne suka riƙe motocinsa a kan hanya shekara 20 bayan ƙasashen da suka fara hawan su sun yar da su. Idan dabarun da ake gwadawa a GR GT, turbo da batir da kwamfuta mai lura da kowace taya, suka gangaro zuwa Corolla da Hilux kamar yadda aka saba, kuma suka iso mana a kulle ba littafi ba horo, to an gyara zaren gado a can an tsinke shi a nan.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Duk alƙaluman da ke hannunmu buri ne kamfanin ya faɗa, ba awo ba. Idan ta fito, abu biyu zan fara nema: nawa ta nuna a kan sikeli da mai cike da tanki, da kuma lokacin da za ta yi a zagayen Nürburgring mai tsawon kilomita 20 da 'yan kai. A 2011 Akira Iida ya zagaye shi da LFA ta musamman cikin minti 7 da daƙiƙa 14, a kan tayoyin da doka ta yarda a hau titi da su.