Kiɗa Ba Waƙa: Kaset ɗin Mamman Sani

Bahaushe in ya ji kiɗa, abin da yakan fara tambaya shi ne, "Me mawaƙin ya ce?" In babu baiti, sai ya ce ai sharar fage ake yi. Wannan ɗabi'a tamu nake so mu duba, ta hanyar aikin wani maƙwabcinmu na Jamhuriyar Nijar.

A shekarar 1978 Mamman Sani Abdullahi ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon Yamai da wata na'urar kiɗa ta Turawa mai aiki da lantarki, ƙirar Italiya. Ya ɗauko karin waƙoƙin Fulani da na Abzinawa, ya bar yatsunsa su yi aikin da baki ya saba yi. Kaset ɗin bai yaɗu ba. A gida, kiɗan ya zama abin cike gurbi tsakanin shiri da shiri a rediyo da talabijin. Jama'a sun san sautin, ba su san mai shi ba. Sai a 2013, da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi a faifai, masu sharhi na Turai suka yi ta yabo, suna cewa ya riga zamaninsa.

A ganina ɓangarorin biyu duk sun kauce. Na gida sun raina shi don ba kalmomi. Na waje sun yaba wa na'urar, ba su san karin da take rerawa ba. Ni abin da ya kama ni shi ne haƙurin kiɗan: kari ɗaya yana juyawa a hankali kamar tafiyar ayari. Aibinsa kuwa, bugun na'urar ba ya sauyawa, ba ya amsa wa kowa yadda kalangu ke amsa wa ɗan dambe.

To, mu Sakkwatawa ai ba baƙin wannan ba ne. Take kiɗa ne zalla, amma ɗan dambe yakan ji nasa tun daga nesa, tsigar jikinsa ta tashi kafin Ɗan Anace ya buɗe baki. Tambari da kakaki su ke shaida wa gari fitowar sarki.

Duk da haka, a nazarinmu na jami'a mukan rubuta baitocin Narambaɗa da Ɗanƙwairo, mu fitar da jigo da salo, mu bar kotso a waje. Taushin Jankiɗi ma haka. Ɗalibai nawa ne cikinmu za su iya faɗin sunan makaɗi ɗaya da ya riƙe wa Narambaɗa kotso?

Ina roƙon malamanmu su sa nazarin take cikin darasi, mu kuma mu shiga ƙauyuka da rikoda tun masu wannan sani suna raye. In mun yi sake, baƙo zai sake zuwa ya gaya mana darajar abin da ke ɗakinmu.