Dariya A Gidan Kaso: Tarken Ra'ayoyin Masu Kallo Kan Wani Wasan Talabijin

Gabatarwa

Tun daga watan Yuli na 2013 da kamfanin Netflix na Amurka ya fara nuna wasan talabijin mai suna Orange Is the New Black, har zuwa 2019 da aka kammala shi, masu kallo ba su daina jayayya a kan abu guda ba, wato ko ya dace a yi wasan ban dariya da rayuwar matan da ke ɗaure a kurkuku. Wasan ya ƙare, jayayyar kuwa tana nan. Ta ma iso inda muke, domin masu tura fina-finai a waya sun sa wasan a hannun wasu matasa da malamai a nan Ƙofar Galadima da sauran unguwannin birnin Zariya, kuma kowa da abin da yake faɗa. Manufar wannan maƙala ita ce mu baje waɗannan ra'ayoyi a faifai, mu auna su da ma'aunin adabi, sannan mu ga abin da marubucin Hausa zai tsinta a ciki.

Taƙaitaccen Tarihin Wasan

Wata Ba'amurkiya mai suna Jenji Kohan ce ta tsara wasan, daga littafin da Piper Kerman ta wallafa a 2010 kan wata 13 da ta yi a ɗaure a Danbury saboda ɗaukar kuɗin masu safarar miyagun ƙwayoyi. Labarin ma ya taɓo Nijeriya, domin wata kotu a Chicago ta tuhumi Buruji Kashamu, wanda daga baya ya zama sanata daga Jihar Ogun, da jagorancin wannan ƙungiya, shi kuwa ya yi ta musantawa har ya rasu a 2020. Wasan yana da zango 7 da kashi 91. Sunansa ya samo asali ne daga tufafi masu launin ruwan goro da ake sa wa sababbin fursunoni. Tauraruwarsa Piper Chapman farar fata ce 'yar masu hali, wadda aka yanke wa wata 15 a wani ƙagaggen gidan yari mai suna Litchfield, inda ta tarar da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da tsofaffi da masu taɓin hankali.

Ra'ayi Na Farko: Kurkuku Ba Wurin Dariya Ba Ne

Masu wannan ra'ayi suna ganin rashin tausayi ne mutum ya zauna a ɗakinsa yana ƙyalƙyata dariya da wahalar wadda aka raba da 'ya'yanta. Suna kuma tsoron kada raha ta sa yara su ɗauka gidan yari makarantar kwana ce. Wannan tsoro yana da tushe, amma a ganinmu an ɗora tambayar a karkace. Abin dubawa shi ne, wa ke yin dariyar, kuma wa ake yi wa?

A kashin farko, Piper ta kushe abincin gidan a gaban Red, 'yar Rasha mai riƙe da madafa, ba tare da ta san ita ce mai girkin ba. Sai aka hana ta abinci na kwanaki. Mai kallo zai yi dariya, to amma wautar 'yar gata yake yi wa dariya, wadda ta shigo da girman kai wurin da gabza ta fi zinariya daraja. A cikin wannan raha ce aka koya masa cewa a kurkuku mai riƙe da ludayi shi ne sarki. Galibin barkwancin wasan daga bakin fursunonin yake fitowa, yana faɗawa kan gandurobobi da shugabannin gidan da dokokinsu marasa kan gado.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A wasan gauta, matan fada ne ke sa riguna da rawuna su kwaikwayi sarki da hakimansa, su fito da halin kowa a fili, abin da ba mai iya faɗa da fatar baki. A tashe ma yara kan kwaikwayi manya su tona aibinsu. Marigayi Usman Baba Pategi ya shafe shekaru yana ba mu dariya da rayuwar bariki a Samanja Mazan Fama, ba wanda ya ce ya raina soja. Marigayi Ƙasimu Yero, ɗan wannan gari, ya nuna a Karambana cewa da raha ake gyara abin da wa'azi ya kasa. Dariyar marar ƙarfi a kan mai ƙarfi magani ce, ta mai ƙarfi a kan marar ƙarfi kuwa zalunci ce. Inda wasan ya riƙe ta farko ya yi nasara. Inda ya zame zuwa ta biyu, kamar wasu wurare a farkon wasan da aka mai da taɓin hankalin Suzanne abin nishaɗi, masu suka suna da gaskiya.

Ra'ayi Na Biyu: An Yaudare Mu

Akwai kuma waɗanda dariyar ce ta kawo su, suka ji haushi da aka juya musu akala. A zango na 4, a 2016, wani ganduroba ya danne Poussey Washington da gwiwa a ƙasa har numfashinta ya ɗauke, alhali tana cikin waɗanda masu kallo suka fi ƙauna. Wannan ya tuna wa Amurkawa mutuwar Eric Garner a hannun 'yan sandan New York a 2014. Mutane da yawa sun fusata, wasu suka ce sun daina kallo. Daga baya kuma aka yanke wa ƙawarta Taystee ɗaurin rai da rai kan kisan da ba ta yi ba.

Ba masu kallo kaɗai wasan ya rikita ba. Masu ba da kyautar Emmy sun sa shi a rukunin wasannin ban dariya a 2014, a 2015 kuma suka mai da shi rukunin wasanni masu nauyin jigo. Uzo Aduba, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta ci kyauta a rukunan biyu da rawa guda, wato rawar Suzanne.

Mu a namu nazarin, nan ne ƙarfin wasan yake. Mutuwar Poussey ta yi zafi ne saboda an shafe zango uku ana dariya tare da ita. Da tun farko an nuno ta tana kuka, da mai kallo ya tausaya mata daga nesa kamar yadda ake tausaya wa wanda aka ji labarinsa a rediyo. Raha ce ta mai da ita 'yar gida, shi ya sa rashinta ya zama makoki. Wanda ya ce an yaudare shi, a haƙiƙa yana shaida ne cewa marubutan sun kai shi inda suke so.

Ra'ayi Na Uku: Batsa

Wannan shi ne ƙorafin da muka fi ji a wajen mutanenmu, kuma ba za mu yi masa kwana-kwana ba. Wasan cike yake da tsiraici da ashar da maɗigo a bayyane, abubuwan da addininmu da al'adarmu ba su yarda da su ba. Ba wasa ne da uba zai kalla da iyalinsa ba, kuma a matsayinmu na malaman sakandare ba mu ba ɗalibi shawarar ya neme shi. Ko ta fuskar fasaha ma, da yawa daga waɗannan fitowa ba su ƙara wa jigo komai ba, tallar haja ce kawai.

Sai dai mai tarke ya bambanta batsar da aka cusa domin kasuwa da kuma tona asirin zalunci. Inda wasan ya nuna ganduroba Mendez yana shigo da ƙwaya yana musayarta da mutuncin fursunoni, ya taɓo ciwon da ke faruwa a duk inda aka damƙa mace a hannun namijin da ba mai tuhumarsa. Marubucinmu yana iya faɗar wannan gaskiya cikin sakaya da kunya irin ta Hausa, ba tare da ya tuɓe kowa ba.

Ra'ayi Na Huɗu: Labarin Wa Ake Bayarwa?

Masu kallo da dama, musamman baƙaƙen fata, sun gaji da Piper, suna tambayar dalilin da sai an bi ta kan farar fata kafin a ji labarin sauran. Kohan da kanta ta bayyana a wata hira a 2013 cewa da Piper ta yi koto, domin gidajen talabijin ba za su sayi labarin matalautan mata baƙaƙe su kaɗai ba. Wannan suka ita ce mafi nauyi a ganinmu. Dabarar da ta ceci wasan ita ce waiwaye, inda kusan kowane kashi kan koma baya ya nuna yadda wata fursuna ta faɗo hannun hukuma. Amma rabon bai zo daidai ba. Alison Abdullah, Musulma mai lulluɓi da ta shigo a zango na 4, an taƙaita tarihinta a kan zaman kishi, kamar dai marubutan ba su san wani abu game da Musulma ba sai wannan. Abin da baƙo ya gani daga bakin zaure ke nan.

Darasi Ga Marubutanmu

Marubutan Hausa ba su cika shiga wannan fage ba. A littattafanmu da fina-finanmu, kurkuku shi ne inda ake jefa muguwar kishiya a shafin ƙarshe, a rufe labari da cewa alhaki kwikwiyo ne. Abin da ya same ta bayan an turo ƙyaure, da wanda ya riƙe mata goyo, da ranar da za ta fito ta tarar dangi sun juya mata baya, ba mu cika tambaya ba.

Alhali kayan aiki na nan a ƙofar gidanmu. Gidan yarin Zariya yana nan a Ƙofar Doka, kullum muna wucewa ta gabansa. A 2019 an sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, dokar kuma ta tanadi a ware wa mata wurinsu daban. Mata kimanin kashi 2 cikin 100 ne na fursunonin ƙasar nan, ƙarancin da kan sa a mance da su, kuma mafi yawan waɗanda ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Ga kuma Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan NEPU, wadda aka fara ɗaurewa a Kano, aka kuma ɗaure ta har sau 16 saboda siyasa kafin rasuwarta a 2001. Sunanta yana kan babban asibitin Ƙofar Gayan, rayuwarta a bayan ƙyaure kuwa ta isa wasa mai zango da yawa.

Wanda zai ɗauki wannan aiki sai ya kiyaye abu uku. Ya yi bincike, ya zauna da matan da suka fito da ma'aikatan da suka yi ritaya, da yardarsu, ya kuma sakaya sunayensu. Ya bar barkwanci ya fito daga bakin taurarinsa, kada ya tsaya a sama yana yi musu dariya. Sannan kada ya nemo 'yar mai kuɗi ta yi masa jagora, mai tallar fura da aka tsare shekara biyu don ta rasa mai tsaya mata beli ta isa ta riƙe labari da kanta.

Kammalawa

Daga cikin ra'ayoyi huɗun nan, mun ga na farko ya yi kuskuren ɗaukar kowace dariya a matsayin raini, na biyu ya zama shaida ga gwanintar marubutan, na uku da na huɗu kuwa sun kama wasan da laifin da ba zai iya wankewa ba. Duk da haka, ya sa miliyoyin mutane sun san fursuna da sunanta da tarihinta, suna gardama a kanta kamar 'yar'uwarsu. Muna fatan wani daga cikin 'yan wannan ƙungiya, musamman marubuta mata, zai yi wa matan gidajen yarinmu irin wannan hidima, da harshenmu da kuma ladabinmu.

Ƙofar Galadima, Zariya.